Sadakar Sa'adiya

"Wace yayar tasa?"

Sa'adiya ce ta yi tambayar, tana tsaye a bakin kicin ɗin Hajiya Habsatou, jaka rataye a kafaɗa, gefen laffayarta ya jiƙe da ruwan saman Guangzhou. Jiya ta sauka daga jirgi. Da safen nan wani mai shagon wayoyi ya ji ta yi Hausa, ya kwatanta mata gidan wannan Badamagariya da ke dafa wa 'yan kasuwa abinci a bayan titin Huanshi, ya ce babu Bahaushen da ke garin nan da Hajiya ba ta san inda yake kwana ba. Gaskiya ya faɗa. Tana ambaton Izzuddeen Basudane mai tafinta, Hajiya ta ce ai abincin gidansa ne ma a kan wuta, yau ake sadakar yayarsa.

"Yayarsa mana, ɗaya tak da Allah ya ba shi," in ji Hajiya Habsatou, tana tuƙa tuwon semo, ba ta ko waiwayo ba. "Wadda bom ya kashe a Khartoum farkon yaƙin nan naku. Yau shekara biyu ke nan. Sa'adiya sunanta, baiwar Allah, malamar makaranta ce. Ke da kika fito can, wataƙila ma kin san ta."

Sa'adiya ta nemi bango ta dafa. Ta dubi hannunta, ta ga yatsu biyar suna nan. A ranta ta ce ko dai akwai wani Izzuddeen ɗin? To amma Basudane nawa ne mai jin Hausa da Larabci da Sinanci, ɗan garin Mai Wurno, wanda ya auri 'yar wani Alhajin Kano? Duk Hajiya ta jero waɗannan tun kafin a tambaye ta.

Hajiya Habsatou irin matan nan ne da in suka fara magana ba sa barin ƙofa ko da ta shigar allura. Ta tambayi baƙuwar tata kuɗin jirgi, ta tambaye ta ko an samu lafawar harbe-harbe, ta tambaye ta inda ake samun irin turaren da ke jikinta. Sunanta ne kaɗai ba ta tambaya ba.

"Zuwanki ya yi daidai, 'yar'uwa. Kama min kular nan mu sauka, mota na jira. Yaron nan zai ji daɗi ya ga mutuniyar ƙasarsu a rana irin ta yau."

Sa'adiya ta sunkuya ta ɗauki kular miya. Tana da nauyi, ta kuwa gode wa Allah da nauyin, don shi ya hana ta faɗuwa a kan matakala.

* * *

A cikin mota Hajiya tana ta yi wa direba Sinancinta na kasuwa, hannu na taya baki, ita kuwa Sa'adiya ta jingina goshi da gilashi. Dogayen gidaje suna wucewa ba ta ganinsu.

Su Hausawan Sudan ne, jikokin waɗanda suka baro ƙasar Hausa da niyyar Makka suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gari. Tana da shekara ashirin da huɗu mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, bayan shekara guda mahaifinsu ya bi shi, uwarsu kuwa da ma ta daɗe a ƙasa. Aka bar ta da Izzuddeen, ɗan shekara goma sha biyu, mai kai kamar na malamai. Baffanninsu suka ce ta zauna a ɗaka Allah zai kawo wani mijin, yaro kuma ya bi su gona. Ta ce a'a. Ta ɗaure kayanta a zani ta hau motar Khartoum, abin da macen gidansu ba ta taɓa yi ba.

A gindin wata bishiyar darbejiya kusa da tashar mota ta kafa murhun gawayi, da buta biyu, da kujerun roba shida. Shekara goma sha huɗu tana nan, daga asuba zuwa la'asar, tana zuba wa direbobi da 'yan dako shayi da gahawa. 'Yan hukuma sun kwashe mata kaya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A garinsu kuwa, in ta je hutun salla, baffannin nan sukan karɓi buhun sukarin da ta kawo da hannu bibbiyu, sannan su hana 'ya'yansu mata zama kusa da ita, wai macen da ke zaune a bakin titi tana miƙa wa maza kofi ba a san iyakarta ba. Sukarin dai ba a taɓa dawo mata da shi ba. Ita ba ta kula ba, tunda Izzu yana makaranta, daga sakandare zuwa jami'a, daga jami'a zuwa Sin.

Da yaƙi ya ɓarke, wani abu ya faɗo a tashar ya tarwatsa rumfuna. Ita tana bayan wani shago tana ɗibar ruwa, shi ya sa ta tsira. Ta bi ayarin masu gudu, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan motar gawayi, wayarta ta salwanta a hanya. Sai da ta yi kwana hamsin da uku kafin ta isa Port Sudan ta ari waya ta kira shi. Ya yi kuka a ranar, kuka mai tsanani, har ita ce ta koma tana ba shi haƙuri.

A Port Sudan ta tarar da duniya ta juye. Matan Larabawan Jazira da ba su taɓa zuwa kasuwa da ƙafarsu ba, matan Kurdufan, matan Darfur, duk ga su a bakin titi, mazajensu wasu sun mutu, wasu sun ɓace, wasu na zaune a tanti sun rafka tagumi. Ita da ta san kan sana'ar, ita ta koya musu yadda ake hura gawayi ba hayaƙi da yadda ake sallamar namiji mai dogon zama ba tare da faɗa ba. Suka zama ƙungiya, mata talatin da ɗaya. Da suka ga masu shigo da kaya suna tsawwala musu a kan fulas da kofuna da ƙananan murhun gas, sai suka ce su aika mutum ɗaya Sin ta sayo musu da kanta. Wa za a aika in ba mai ƙane a can ba?

Ta faɗa wa Izzu tun bara. Ya ce biza na da wuya. Ta sake faɗa, ya ce ana sanyi. Da ta nemi ya haɗa ta da matarsa su gaisa ko sau ɗaya, sai ya ce Zulaiha na barci, ko ta fita, ko layi ba kyau. Kullum daga titi yake kiranta, tana jin ƙarar motoci. Ta ɗauka kunya ce irin ta sabon ango. Da takardunta suka fito ta hanyar wani wakilin jiragen ruwa da ke shan shayi a wurinta, sai ta ce bari ta yi masa ba-zata.

* * *

Hawa na goma sha tara ne gidan. Takalman maza sun cika bakin ƙofa, an sauko daga Juma'a a masallacin Huaisheng an zarce nan. Daga falo ana jin gunjin karatu, an raba izu-izu ana sauka. Wata yarinya fara, doguwa, da goyo a kafaɗa, ta tare su ta shigar da su ɗakin mata.

"Zulaiha, ga baƙuwa na kawo muku, daga ƙasar mijinki take," in ji Hajiya Habsatou.

Zulaiha ta durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa, Anti. Wallahi na ji daɗi. Tunda aka yi auren nan ban taɓa ganin mace daga wajensu ba. Kin san marigayiya?"

"Na san ta," in ji Sa'adiya. Muryar ta fito kamar ta wata.

"Allahu akbar! Ga ta can."

A bango, cikin firam mai ruwan zinare, ga wata budurwa mai kumatu tana murmushi. Hoton katin shaida ne aka faɗaɗa, wanda ta ɗauka shekarar da aka yi mata aure. Sa'adiya ta dubi hoton, ta tuna fuskar da ta gani a madubin otal da safe, wadda rana da hayaƙin gawayi suka gama da ita. Ba ta ga laifin kowa ba da bai gane ta ba.

Zulaiha ta sauke goyon ta ɗora mata a cinya. "Ga mai sunanta. Sa'adiya, amma Ummi muke ce mata."

Ummi. Wannan sunan kaɗai Izzu ya faɗa mata a waya. Yarinyar ta kama gefen laffayar ta kai baki, tana kallonta da idanun Izzu sak, manya, masu gashin ido kamar an zana. Sa'adiya ta yi watanni tana mafarkin ranar da za ta ɗauki yarinyar nan, ba ta taɓa zaton a zaman makokinta za ta ɗauke ta ba.

"Kullum sai ya yi zancenta," Zulaiha ta ci gaba, idonta ya kawo ruwa. "Ya ce ita ce uwarsa ita ce ubansa. Wai tana cikin aji tana koyar da yara abin ya faɗo. Ko gawarta ba a samu ba, sai sallar ga'ibi aka yi mata a nan. Abbana ne ya ce duk shekara a riƙa yi mata sauka, ya ce shahida ce, alfahari ne a haɗa jini da irinta."

Ana cikin haka aka ɗaga labule. Izzuddeen ne, cikin farar shadda, ya yi ƙiba, ya tara gemu, ya zo tambayar ko a fara fitar da abinci. Idonsa ya sauka a kan matar da ke riƙe da 'yarsa. Tiren da ke hannunsa ya suɓuce ya bugi tayil, kofuna suka watse.

"Subhanallahi! Lafiya?" in ji Zulaiha.

Ya tsaya kamar an dasa shi. Sa'adiya ta zuba masa ido tana jira, don kalma ɗaya ce tak take nema, wadda ya saba kiranta da ita tun bai iya ɗaura wando ba.

"Santsi ne," in ji shi. "Sannu da zuwa, Hajiya. 'Yar garinmu ce, Zulaiha. Bari mu gaisa a waje, akwai saƙon gida."

* * *

A matakalar bayan gida suka tsaya, inda ake ajiye kwandunan shara. Yana rufe ƙofa ya zube a gabanta ya kama ƙafafunta.

"Yaya, don girman Allah..."

"Tashi. Ba a durƙusa wa gawa." Ta ja ƙafarta. "Mi kac ce musu, Izzu?"

Ya fara magana da sauri, cikin Kanancin da ya ara a gidan surukai, har tana jin sa kamar baƙo. Wani ɗan garinsu ne ya kira shi ya ce ya ga butocinta a warwatse, da jini a wurin, ba wanda ya fita. Ya jira mako huɗu, shiru. Aka yi mata salla, aka yi zaman makoki. Alhaji Ghali, wanda yake yi wa tafinta a masana'antu, ya rungume shi a gaban jama'a ya ce daga yau ka samu uba. Ba a rufa wata ba ya ce ya ba shi Zulaiha.

"Saura kwana tara ɗaurin aure kika kira, Yaya."

"Sai ka ce musu an yi kuskure, yayata na raye. Wa zai ƙi murna da wanga labari?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun kafin yaƙi na ce musu malamar makaranta ce ke. Alhaji yana da abokan ciniki Larabawan Khartoum, a gabana suka taɓa yin zancen mata masu shayi, na ji abin da ya ce. Da kin dawo da rai, sai ya ce zai aika a gaishe ki, sai a tarar da ke a bakin titi. Yaya, kin san yadda ake kallon abin."

"Na sani. Shekara goma sha shida ana kallona, ai na fi ka sani." Ta ci gaba da cewa, "Shayin nan shi ya kai ka jami'a. Shi ya saya maka jakar da ka hau jirgi da ita. Na taɓa kawo maka abin da ba na halal ba?"

"Wallahi ba ki taɓa ba."

"To mi ya sa mutuwata ta fi sana'ata daɗin faɗi?"

A ƙasa can wata Basiniya tana faɗa da wani a kan kwali, muryarta na hawowa ta ramin matakala.

"Ranar da na kira ka daga Port Sudan," in ji Sa'adiya a hankali, "kukan nan da ka yi, na mi ne?"

Ya rufe fuska da tafin hannu. Ta jira, bai buɗe ba. A nan ne jikinta ya yi sanyi gaba ɗaya, don ta shekara biyu tana ba matan ƙungiya labarin kukan nan, tana cewa ba wanda ya kai ta sa'ar ɗan'uwa.

"Ki ba ni lokaci, Yaya. Gobe zan zo otal ɗinki, zan kai ki duk masana'antar da kike so, zan sa a yi miki farashin da ba a yi wa kowa, in loda miki kaya a tashar jirgin ruwa ta Huangpu da hannuna. Amma yau, a gaban mutanen nan... Alhaji zai raba ni da Zulaiha. Ki dubi Ummi."

Ta dube shi. Fasfonta na cikin jaka, da sunanta da sunan ubansu a rubuce, taku goma ne tsakaninta da falon. Ta san in ta shiga ta ajiye shi a gaban Alhaji Ghali magana ta ƙare. Amma ba ta ƙetare rabin duniya don takarda ta yi mata shaida ba.

"Ba ni tona maka asiri," ta ce. "Ban raine ka don in kunyata ka ba. Zan koma ciki in zamna. Yanzu za a shafa addu'a, za a roƙa wa Sa'adiya hasken kabari. Kai kaɗai ka san tana bayan labule tana ji. In ka tashi ka faɗi gaskiya da bakinka, duk abin da ya biyo baya mu ɗauka tare, kamar yadda muka saba. In kuwa ka ce amin, to, na ji."

* * *

Aka ɗage labulen ɗakin mata kaɗan don su samu addu'a. Daga inda Sa'adiya take zaune tana hango Izzuddeen, ya zauna a daman wani dattijo mai jar dara, wanda ba sai an faɗa mata shi ne Alhaji Ghali ba. Ɗalibai 'yan Nijar da 'yan kasuwar Kano sun yi sahu a kan kafet, an rufe Alƙur'anai.

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce kafin malam ya fara yana so ya tuna wa jama'a wace ce marigayiya. Mace ce da ta riƙe mutuncinta, ta yi ilimi, ta raini maraya, ba irin matan zamanin nan da yaƙi ya zame musu dalilin cika tituna ba. Aka yi ta gyaɗa kai. Hajiya Habsatou, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana ciyar da rabin mutanen ɗakin nan da guminta, ta ja ɗan tsaki ƙasa-ƙasa ta gyara ɗaurin kallabi.

Malam ya ɗaga hannu. "Allah ka jiƙan baiwarka Sa'adiya."

"Amin," ɗaki ya amsa.

Leɓen Izzuddeen bai motsa ba. Sa'adiya ta ƙanƙame gefen tabarma.

"Allah ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi."

"Amin."

Ya ɗago kai. Idonsa ya zo bakin labule ya haɗu da nata, jajur, hawaye na bin gemu. Ta ga ya dafa gwiwa kamar mai shirin miƙewa, har kafaɗarsa ta ɗaga. Alhaji Ghali ya ga surukinsa na kuka, ya miƙa hannu ya dafa bayansa cikin tausayi, ya ce, "Haƙuri, ɗana. Addu'a take buƙata yanzu."

Kafaɗar ta koma ta sauka.

"Allah ka sa ta huta, ka sada ta da iyayenta a Aljanna."

"Amin," in ji Izzuddeen. Ba da ƙarfi ya faɗa ba, amma ta ji shi daban da na kowa, don muryar da ta koya wa Fatiha ce.

Aka shafa. Aka fara fitar da faranti, hayaniya ta tashi. Sa'adiya ta sumbaci Ummi a goshi, ta miƙa ta ga wata mata, ta fita ta lalubo takalmanta a ƙarƙashin na maza. Tana jiran lif sai ga Zulaiha da gudu, ba ko takalmi, riƙe da robar abinci.

"Haba Anti, tun ba ki ci komai ba? Don Allah ki tafi da wannan. Ke da kika san ta, ke ya fi dacewa ki ci, ladan ya isa gare ta."

Sa'adiya ta dubi yarinyar, ta ga ba komai a fuskarta sai alheri. Ta sa hannu biyu ta karɓa.

"Ya isa," ta ce. "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Ƙofar lif ta rufe. Yanzu aka kwashe tuwon daga kula, robar kuma siririya ce, zafin yana ratsa ta yana cin tafin hannunta na dama. Lambobi suna sauka ɗaya bayan ɗaya, sha takwas, sha bakwai, sha shida. Har aka kai ƙasa ba ta sauya hannu ba.